Kwalbar Malam Iro

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ku da kuka san mu, ni da marigayi Malam Iro, kun daɗe da yanke wannan hukunci a bayan idona, to yau ga shi na amsa a gabanku. Abin da nake roƙo kawai a yi adalci, a tuna cewa wanda ya mayar da ni wawan shi ma ba a rasa shi da ɗan motsi a ka. Mutumin da zai yi ta bin dattijo kamata da kwalba a aljihu, daga gona zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa ɗaurin aure, ba don komai ba sai don yana son a gwada fitsarina a asibiti, ai ba za a ce lafiyarsa ƙalau ba. Ni ne mai ciwon, shi ne mai nacin. Na rantse ba zan bayar ba, ya rantse sai ya karɓa.

Ga wanda bai san mu ba, Iro taubashina ne. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji, ni ɗan mace. Saboda haka tun muna yawo ba wando yake ce mini bawansa, kuma har muka yi furfura ba wanda ya taɓa gaida wani da mutunci. In ya hango ni da safe sai ya ce, "Bawa, ka kwana? Ai na ɗauka dangi sun huta." Ni kuma in ce, "In tafi in bar wa wa ɗawainiyar haukanka?" Shi ke nan mun gaisa, kowa ya kama gabansa da farin ciki.

Dukanmu mun ɗan leƙa boko. Ni na kai aji huɗu kafin noma ya kira ni. Shi a aji uku ya tsaya, rabin shekarar ma a waje ya yi ta, ta taga yake sauraro saboda surutu. Ke nan a ilimi ni ne sama, kowa ya san wannan. Abin da ya ɓata lamarin shi ne shekarar da aka sako ruwa a kanal aka fara noman rani a ƙasarmu, tsakanin Kura da Bunkure. Wasu ma'aikatan lafiya suka zo suna tsintar dodon koɗi a gefen ruwa, suka ɗauki Iro yana riƙe musu bokiti da rariya. Rannan wani daga cikinsu, Allah ya yafe masa, ya ce Iro ya zo ya leƙa madubin likita. Abin da ya gani a ciki ban sani ba a lokacin. Na dai san Iron da ya sunkuya ba shi ne ya ɗago ba.

Daga ranar duk ɗan Adam sai ya sama masa gida a cikin tsutsotsi. Muna zaune a majalisarmu ta gindin dalbejiya, kusa da gadar kanal, baƙo zai wuce ya yi sallama. Iro zai amsa da fara'a, ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya ce, "Mulmulalle ne." Ko ya ce, "Wannan mai zobe ne, a yi hulɗa da shi."

Na ce masa wata rana ya daina yi mana yaren aljanu, ya yi bayani.

"Tsutsa gida uku ce," in ji shi, yana lanƙwasa yatsu kamar mai lissafa farillan alwala. "Akwai shimfiɗaɗɗu, falan-falan kamar ganye: tsutsar hanta, da tsila, da ta tsargiya. Akwai mulmulallu kamar taliya, su macijin ciki. Akwai masu zobe-zobe a jiki, su tana da matsattsaku. Mulmulalle yana da baki yana da mafita. Ya ci ta nan, ya fitar ta can, ko mugu ne ka san inda ya dosa. Tsila kuwa ba baki ba hanji. Ta maƙale kai a hanjin mutum ta miƙe, tuwon da ka noma, ka tauna, ka narkar, shi take tsotsa ta fatar jikinta, tana ta jera gaɓoɓi cike da ƙwai."

"Su waye tsila a cikin mutane?"

"Jira tumatir ya nuna, za ka gan su da manyan riguna a bakin gona. Ba su yi dashe ba, ba su yi ban ruwa ba."

"To ta hantar fa?"

"Ita ƙofa ɗaya Allah ya ba ta. Abin da ya shiga ta baki, ta bakin zai dawo."

A nan na yi wautata ta farko. Na ce, "Ni wane gida nake?"

"Kai da duk abin da ka jiyo a kasuwar Kura kafin la'asar ya fito ta bakinka? Tambaya kake?"

Kun tuna sunan jikan Mai Unguwa. An yanka rago ƙato da aka sayo wurin Jauro Buba, Bafulatanin da ke kiwo a gefen magudanar ruwa. Ana cikin fiɗa Iro ya ratsa mutane ya ce a ba shi hantar ya gani. Ya tsaga ta da wuƙarsa, ya matsa, sai ga wasu abubuwa kamar 'ya'yan kabewa suna fitowa suna motsi. Ya jera su a tafin hannu ya bi tabarma-tabarma yana nuna wa manyan gari.

"Ku gaisa da baƙi. Su ma sunan suka zo."

Jauro ya miƙe da sandarsa. "Malam Iro, ragona lafiyayye ne."

"Lafiyarsa lau, Jauro. 'Yan hayarsa ma lafiyarsu lau, dubi yadda suka yi ƙiba. A ciyawar bakin ruwa ya haɗiye su, ba laifinka ba ne."

Aka kawo nama, kowa ya ɗauke kai. Wannan ya ce azumin nafila yake, wancan ya ce haƙori. Iro ya gyara zama ya ja kwano gabansa, ya ci, ya ƙara, ya ƙulle saura a leda don iyali. Sai da ya wanke hannu ya yi hamdala sannan ya ce, "Af, na manta ban gaya muku ba. Hantar ce kawai ake zubarwa. Naman ba abin da ya same shi."

Mai Unguwa ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ranka ya daɗe, ilimi ba a ɗura shi gaba ɗaya. Sai ya ƙware mutum."

A duk halittun nan tana kaɗai yake girmamawa. Ni kuma ina da ɗan sha'awar kamun kifi da ƙugiya, kuma ba inda tana ta fi ƙiba kamar gonarsa, don takin gargajiya yake zubawa. Ya kama ni wata safiya da gwangwani cike. Ya ƙwace, ya durƙusa yana mayar da su ɗaya-ɗaya cikin ƙasa, har da ba su haƙuri.

"Waɗannan ma'aikata ne. Su huda ƙasa iska ta shiga, su ci ruɓaɓɓen ganye su mayar da shi taki. Ba su taɓa shiga cikin kowa ba."

Na ga dama ta samu. Na ce, "To malam mai madubi, ba kai ka ce tana da matsattsaku gidansu ɗaya ba? Ta yaya mai gyaran ƙasa da mai shan jini za su zama 'yan'uwa?"

"Kamar ni da kai. Kaka ɗaya."

"Jiya ka ce ni ɗan gidan shimfiɗaɗɗu ne."

"Kai ai duk gidan da aka rasa mugu, aronka ake yi."

Yanzu mu zo kan kwalba. A zamanin ƙuruciyarmu, yaro in ya fara jan fitsari ba kuka ake yi ba, cewa ake ya girma. Mu da muke wuni a kududdufi mukan jeru a bayan gari mu gwada, wanda nasa ya fi ja shi ne gaba. Ni ne zakaran unguwarmu. Iro nasa ya daɗe bai rine ba, na yi masa gorin duniya a kan haka. Da muka girma abin ya ɗauke mini, na manta da shi. Sai ga shi bayan tsufa, a wata shekara da na yi ta dashen shinkafa da kaina ƙafa ba takalmi, ya dawo, wannan karon da zafi da ciwon mara.

Ban gaya wa kowa ba. Amma gonata da ta Iro kunya ɗaya ce ta raba su, kuma mutumin nan ba ya ganin wani ya tsuguna a gefen gona ya tashi bai je ya duba wurin ba, kamar maharbi a sawun barewa.

"Bawa, wa ya yanka kaza a bayan kunyar nan?"

Na ce, "Ƙuruciya ce ta dawo. Kai da ba ka taɓa yin na kirki ba, ina za ka sani?"

Bai yi dariya ba. "Ƙuruciya ba ta nan take dawowa ba. Zauna in gaya maka su waye a cikinka. Mata da miji ne, 'yan gidan shimfiɗaɗɗu, sun tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsararka. Matar ba ta da aiki sai ƙwai. Kowane ƙwai da 'yar ƙayarsa a gindi, haka suke kutsawa su faɗo cikin fitsari. Jinin da kake taƙama da shi na raunin ne. In ka tsuguna a bakin kanal, ƙwan ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ba ya iya shiga mutum kai tsaye, sai ya fara sauka wurin fatoma."

"Wane fatoma kuma?"

Ya sa kara ya tsamo wani ɗan dodon koɗi, bai fi ƙwayar wake ba. "Ga shi. Shi ba tsutsa ba ne, gidansu daban, lallausan jiki da ɗaki a baya. Ba ya cizo ba ya harbi, masauki kawai yake bayarwa, kamar mai saukar fatake. Baƙo ɗaya zai sauka a cikinsa, ya hayayyafa, su fito rututu da 'yar wutsiya mai reshe biyu suna neman ƙafar da ba takalmi. Ta fata suke shiga, ba sallama."

Ya dubi ƙafata, ya dubi tasa. Shi tun shekarar madubi ba a sake ganin tafin ƙafarsa ba sai wurin alwala. Kun san takalmin ruwan nan nasa mai dogon wuya, wanda ranar Juma'a yake tsayawa a ƙofar masallaci kamar dogarai biyu. Bai taɓa yarda ya sayi sabo ba. Faci a kan faci, har mai facin ya ce ya fi sanin takalmin nan a kan 'ya'yan cikinsa.

"In ka bar su," in ji shi, "mafitsara za ta lalace, daga nan a hau ƙoda. Magani kuwa yana nan, ƙwaya ce ake haɗiya. Ka kai fitsari a duba kawai."

Na ce ba inda za ni. Dalilaina biyu ne, kuma duka masu ƙarfi. Na farko, dattijo da jikoki ba ya ɗaukar bawalinsa a kwalba ya miƙa wa yarinyar da ya yi jika da ita. Na biyu, wanda ya fi na farkon nauyi, in na je aka ga tsutsar, Iro ya yi gaskiya ke nan. Na gwammace in zauna da baƙina da in ji ya ce "na gaya maka."

Washegari ya zo majalisa da kwalbar maganin tari. Ya wanke ta da sabulu da ruwan zafi, ya shanya ta a rana har tana ƙyalli. Ya ajiye ta a gabana. Na ture ta da ƙafa, ya ɗauka ya goge ya mayar aljihu. Haka muka shiga. In ina cinikin taki a kasuwa, in juyo in ga kwalba a kan buhu. In ina alwala, ga ta a gefen buta. A ɗaurin auren ɗan ƙanensa ya zura mini ita a aljihu ban sani ba, na sa hannu zan ciro goro in ba waliyyin amarya, sai ga ni ina miƙa wa bawan Allah kwalba.

A wannan ɗaurin auren ne aka ce Iro, a matsayinsa na babban uba, ya yi wa ango nasiha. Ya gyara murya.

"Yaro, ka zama kamar namijin tsutsar tsargiya. Allah ya yi masa wani kwari a tsawon cikinsa, a nan yake rungume matarsa. Duk inda za shi da ita yake tafe, ba ya sauke ta har mutuwa. In ba ka yarda ba tambayi bawan nan nawa, a wurinsa suke haya."

Kafin a raba goro maganar ta shiga cikin gida. Matarsa Asabe, wadda bakinta ya fi nasa kaifi sai dai ba ta yawan zare shi, ta aiko a gaya wa maza cewa a duk zamansu ko tulu bai taɓa ɗauke mata ba, da tsutsar ta aura da ta huta.

Kada ku ɗauka kullum shi ke da nasara. Akwai shekarar agwagi. Ya ce tunda fatoma ne ke saukar da ɓarayi, a kori fatoma. Ya ji an ce agwagwa na cin dodon koɗi, sai ya tara garke guda, kullum da hantsi ya sa su gaba da 'yar tsumagiya zuwa bakin kanal, yana ba su umarni. Agwagin suka leƙa ruwa, suka leƙa gefe, suka ga irin shinkafar da Malam Tanko maƙwabcinmu yake raino, kore shar. Kafin azahar wurin ya koma kamar kan jariri ranar aski. A gaban Mai Unguwa Iro ya ce a yi musu uzuri, sababbin ma'aikata ne, ba su gama gane aikin ba. Aka yanke masa ya sake yafa wa Tanko iri da hannunsa. Ma'aikatan kuwa Asabe ta sallame su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar tukunya.

Na samu makami. Duk sanda ya fito da kwalba sai in ce, "Likitan agwagi, ka fara warkar da gonar Tanko." Mutane su yi dariya, ni ma in yi, in koma gida in riƙe mara. Don ciwon bai san ana wasa ba. Na fara ramewa, rigunana suka fara yi mini yawa, in na yi fitsari sai na dafa bango.

Sai dabara ta zo mini, irin ta mai aji huɗu. Wata safiya na karɓi kwalbar daga hannunsa, na ce ya jira ni. Na zaga wurin mai shayi na ce a zuba mini baƙi, ba madara. Na yi ta sirka shi da ruwa ina ɗagawa a rana har launin ya yi daidai. Na dawo da fuskar wanda aka ci da yaƙi na miƙa masa.

"Ga shi. Ka huta."

Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi zamzam. Ya naɗe a leda, ya ɗaure a bayan keke, ya kama hanyar Kura yana taka feda da takalmin nan nasa. Kafin ƙurarsa ta kwanta na gaya wa duk majalisa abin da ke cikin kwalbar. Me za a yi, ƙofa ɗaya Allah ya ba ni.

Bayan azahar sai ga shi yana turo keken. Har waɗanda ba 'yan majalisarmu ba sun zo. Ya jingine keken a jikin dalbejiya, ya tsaya.

"Sun gwada," in ji shi a hankali. "Malamar asibitin ta ce mai wannan fitsari ba shi da tsargiya, sai dai a rage masa citta da kanumfari. Duk 'yan ɗakin gwajin sun fito suna kallona."

Wurin ya kece. Malam Tanko har da faɗowa daga benci. Na yi dariya har marar ta murɗa. Iro ya jira muka gama, sannan ya dube ni ya ce, "Na gode, Alhaji Mamuda." Ya ja kekensa ya tafi.

Alhaji Mamuda. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Da safe na hango shi na shirya amsata. Sai ya ɗan rusuna. "Barka da asuba, Alhaji. An tashi lafiya? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?"

Na ce, "Kai tsohon banza, ba ka mutu ba?"

"Allah ya huci zuciyar Alhaji."

Na ɗauka na kwana ɗaya ne. Ina. In na zo majalisa ya tashi ya ba ni wurin da ya fi inuwa. In na yi magana ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," ko da na ce jaki na yin ƙwai. Kwalba ta ɓace. Baƙo zai wuce a ba shi gidansa, mulmulalle ko mai zobe, ni kuwa an kore ni daga duka gidajen uku. Na shiga gonarsa da rana tsaka, a gaban idonsa, na cika gwangwani da tana. Ya ce, "Alhaji ya ɗiba. Ko in kawo fartanya?"

Mutane suka fara tambaya ko rigimar gado ce ta shiga tsakaninmu. Ku da ba ku da taubashi ba za ku gane ba. Mutumin da ya zage ka tun kuna tsumma, rana ɗaya ya koma girmama ka, ai ya binne ka ne da ranka. Ga ciwo yana ci, ga ba mai ce mini bawa. A cikin biyun, wallahi, na biyun ya fi hana ni cin tuwo.

Ranar da na gaji na naɗa rawani har hanci, don kada 'yan asibitin su gane ni ne mai shayi, na hau mota zuwa Kura. Ban tayar da zancen ba, su ma ba su tayar ba, na ce lallai yaran nan suna da tarbiyya. Malamar ɗakin gwajin, sa'ar jikata, ta miƙo mini 'yar roba ta nuna mini bayan gida ba tare da ta ko ɗaga kai ba. Duk kunyar da na yi ta tattali, ashe ba mai bukatarta. Da ta gama dubawa ta ce, "Baba, akwai su da yawa." Na ce ko zan iya gani. Ta matsa mini.

Na rufe ido ɗaya na leƙa. Ga su nan kwance, dogaye-dogaye kamar 'ya'yan kankana, kowanne da 'yar ƙayarsa a gindi, daidai yadda ɗan banzan nan ya faɗa. A cikin wani har na ga abu yana juyi. Na daɗe ban ɗago ba. A ranar na yafe wa Iro rabin haukansa.

Sannan aka tsayar da ni jikin wata sanda mai zane-zane, kamar ɗan firamare, don da tsawon mutum ake sanin ƙwaya nawa zai sha. Aka ce in ci abinci tukuna. Na haɗiye su, manya-manya masu ɗaci. Aka kuma gargaɗe ni cewa in na koma ruwa ƙafa tsirara, sababbin baƙi za su zo.

Daga tasha majalisa na wuce. Iro yana zaune. Na ajiye ledar maganin a gabansa, ba komai a cikinta. Ya ɗauka ya juya ta, ya ajiye.

"An auna ka da sanda?"

"An auna."

"Da rawanin ko an tuɓe? Don na san ka, bawa, ko a tsawo sai ka yi ha'inci."

Na sha zagi a duniya, amma ban taɓa jin mai daɗin wannan ba. Na zauna na ba shi amsar da ta dace da shi, wadda ba zan rubuta ba saboda yara. "Na gaya maka" ɗin da nake gudu kuwa na sha ta safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa. Fitsari ya washe, riguna suka dawo daidai. Ya kuma tilasta mini sayen takalmin ruwa, ni sabo, shi yana nan da mai facinsa, yana ce mini almubazzari.

Da daminar da ta wuce ya kwanta, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ba tsutsa ce ta yi ajalinsa ba, kuma na san da an tambaye shi da ya ce an raina masa sana'a. Na je duba shi ya buɗe ido ya ce, "Bawa, ka zo gadon keke?" Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Yanzu in na fito da safe kowa gaishe ni yake da ladabi, har ƙarshen layi.

Allah ya jiƙan Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya ƙi barina da ciwona alhali ina korarsa, Allah kada ya bar shi shi kaɗai. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a inda ba ciwo.

Bayan an share makoki na shiga cikin gida in ƙara yi wa Asabe gaisuwa. Na tarar da ita zaune a kan tabarma da carbi, ta yi zuru-zuru. Na ce bari in ɗan sa ta murmushi.

"Ko ba komai dai, Asabe, na yi galaba a kan mijinki sau ɗaya. Har Kura ya kai shayi a gwada masa."

Ta ɗago ta dube ni. "Wace Kura? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen bayan kunya, shi ne ba zai bambance shayi da fitsari ba? Tun a ƙofar gida ya buɗe ya shinshina. Gindin tsamiyar kan hanya ya je ya zauna, ya shanye abinsa, ya yi barci har azahar. Citta da kanumfarin ma a nan ɗakin ya gaya mini yadda ya tsara su. Kullum kuma in ya gama yi maka ranka ya daɗe, sai ya shigo ya turo ƙofa ya zage ka tas, don kada ya kumbura. Abu ɗaya ne kawai ya ce bai yafe maka ba."

Na ce, "Mene ne?"

"Ya ce ko a ƙarya rowa kake yi. Ko sukari ba ka sa ba."